Nawa ke shigowa gidanka a shekara?



'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, musamman mutanenmu na Guri da Kirikasamma da Birniwa da cikin garin Haɗejia, yau a kan lissafin gida zan yi magana. Na san wani zai ce me ya haɗa liman da lissafi. To ai tambayoyin da ake kawo mana bayan sallar asuba, in ka cire na tsarki da na sallah, kusan duk sauran a kan abin hannu suke. Zakka ta hau kaina ko ba ta hau ba? Mai ɗakina ta ce cefanen da nake bayarwa ba ya isa, wa ke da gaskiya? Zan iya ƙara aure? Ya halatta in karɓi zakka alhali ina da gona? Duk waɗannan ba sa amsuwa sai an san abin da ke shigowa hannun mutumin a shekara, da kuma yawan bakin da ke ci daga ciki. Idan na tambaya, amsar da aka fi ba ni ita ce, "Malam, sai dai godiyar Allah." Godiya kam wajibi ce, amma ba a gina fatawa a kanta.

Ban ga laifin mutanenmu sosai ba. Samunmu a wannan yanki ya sha bamban da na ɗan albashi wanda alat ke shigo masa a ƙarshen wata. Magidanci guda a Kadira ko Musari, da damina yana da gero da dawa a tudu, yana da shinkafa a fadama. Ruwa na janyewa ya ɗauki koma ya zama masunci. Da rani ya tada injin ban ruwa ya sa alkama ko tattasai ko albasa. In abin ya ƙi, ya bar iyali ya tafi ci-rani Kano ko Legas. Abin yana zuwa gutsi-gutsi, wani a buhu, wani a kwando, wani ta wajen mai POS. Wata biyu hannu cike, wata huɗu ko kuɗin sabulu sai an ranta. In ka tambayi irin wannan bawan Allah samunsa na wata, ka ɗaure shi. Na shekara ne zai iya faɗa, in ya zauna ya haɗa.

Shi kansa kogin da muke ci a jikinsa ya canza hali. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan ya daina zuwa yadda kakanninmu suka san shi, ya cika fadama da damina ya janye da rani. Yanzu yana kwanciya a wasu wurare shekara ta zagayo, shi ya ba kacalla damar toshe rassan kogin irin su Marma da Burum Gana, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama gidan jan baki mai kwashe shinkafa a kwana kaɗan. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ba ya buƙatar in ba shi labari. Sannan daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kowace lita da injin ban ruwa ya sha daga cikin tuwon yara take fita. Mutumin da samunsa ke hawa da sauka haka, shi ya fi ɗan albashi buƙatar lissafi, amma shi ne ba ya yi.

Gwamnati ita ta yi nata lissafin a kanmu. A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar kan binciken 2018 zuwa 2019, ta ce duk wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai naira 137,430 ba, yana cikin talauci. Wato kusan naira 11,450 a wata ga mutum guda. A faɗin Najeriya kashi 40 cikin 100 ne suka faɗa ƙasan wannan layi. A Jigawa kashi 87 ne, Sakkwato da Taraba kaɗai suka ɗara mu. Yanzu ɗauki mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024, naira 70,000. Gidan da ke da mutum goma, kuma ai gidan mutum goma a wajenmu ba babban gida ba ne, kowa ya tashi da 7,000 a wata. Bai kai ma layin da aka ja da farashin 2019 ba, lokacin da kwanon shinkafa bai yi tashin da ya yi yanzu ba. Ban kawo wannan don mu zauna muna kuka ba. Na kawo ne don mu gane cewa masu rufin asiri da yawa da muke gani a sahun farko da wankakkiyar riga, in an bi ma'aunin fiƙihu, faƙirai ne, su ba su sani ba, mu ma ba mu sani ba.

Sai dai akwai wata magana da ta kafu a zukatanmu, cewa ƙirga yana kore albarka. Tsofaffinmu ba sa son a ƙirga dami, ba sa son a ƙirga garke, wasu ma ba sa son a ƙirga 'ya'ya. Maganar ba ta rasa tushe gaba ɗaya ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa bayan wafatin Manzon Allah (SAW), Nana A'isha (RA) tana da ɗan sha'ir a ɗakinta, ta daɗe tana ci daga ciki, ranar da ta auna shi sai ya ƙare. Amma a cikin Bukharin nan dai akwai hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib (RA) inda Annabi (SAW) ya yi umarni da a riƙa auna abinci, ya kuma danganta albarka da awon. Malaman sharhin hadisi irin su Ibn Hajar sun daidaita tsakaninsu. Awon da ake yi don haƙƙi ya fita, a saye da sayarwa da makamantansu, abin nema ne. Wanda ake ƙi shi ne na mai leƙa buhu kullum da safe zuciyarsa na dukan uku-uku, ko rowa ta sa shi yana ƙirga lomar iyalinsa. Mu kuwa sai muka juya abin. Mun bar awon farko da sunan tawakkali, na biyun kuma muna yinsa kullum, har maigida ya tsaya a kan uwargida yana tambayar ina kwanon jiya ya tafi.

Wanda ya fi kowa tawakkali, ya tabbata ta hanyar Sayyidina Umar (RA) cewa yakan ware wa iyalinsa abincin shekara daga dukiyar Banun Nadir, ragowar ya sa ta a hanyar Allah. Ba a ware abincin shekara sai an san abin da gida ke ci a shekara. Yakan kuma aika Abdullahi ɗan Rawaha (RA) Khaibara ya kintata dabino tun yana bisa itace, don a san rabon kowa. Annabi Yusuf (AS) kuwa da lissafin shekara bakwai na yalwa da bakwai na fari Allah Ya tsirar da Masar ta hannunsa, har da shawarar a bar hatsi a zangarniyarsa don kada ya lalace. Duk wanda ya tashi ya ga rumbun kakansa cike da damin gero ya san wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Haɗejia.

Ku lura kuma, shari'a da shekara take aunawa, kamar dai yadda samunmu yake. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, faƙiri shi ne wanda abin hannunsa ba zai ishe shi shekara ba, miskini kuwa shi ne wanda ba shi da komai. Don haka mutum na iya cika ɗaki da buhuna ranar kaka, kuma faƙiri ne, in buhunan za su ƙare kafin ruwa ya sauka. Har malamanmu suka ce ya halatta a ba da zakka ga wanda ya mallaki nisabi matuƙar ba zai kai shi shekara ba. Ma'ana manomi guda zai iya fitar da zakkar shinkafarsa, kuma ya karɓi zakkar wani, babu cin karo. Wannan mas'ala mutane da yawa ba su san ta ba, shi ya sa wani ke hana zakkarsa yana cewa ai ni ma mabuƙaci ne, wani kuma yunwa na cin 'ya'yansa a watan Agusta yana jin haramun ne ya karɓa tunda yana da gona.

Bari in ɗan tsaya a kan zakkar noma, don nan ne rashin lissafi ya fi yi mana ɓarna. Nisabin hatsi wasaƙi 5 ne. Wasaƙi ɗaya sa'i 60, ka ga sa'i 300 ke nan, ko mudun Nabiyyi 1,200. Awo ne na mudu, ba na sikeli ba, amma malaman wannan zamani sun kimanta shi da alkama sun samu kusan kilo 650. Buhuna sun bambanta, na shanshera bai kai na gero nauyi ba, don haka ka auna buhunka guda da mudu ka san abin da yake ci, sauran lissafi ya zo da sauƙi. A Malikiyya ana lissafa shinkafa da ɓawonta da ake ajiye ta a ciki. Gero da dawa da shinkafa kowanne jinsi ne mai zaman kansa, ba a haɗa su don cika nisabi. Amma in kana da gonakin shinkafar damina biyu, ɗaya a nan ɗaya a wani ƙauye, haɗa su za ka yi. Abin da ka biya 'yan ƙwadago da shi na hatsi ranar yanka, da wanda ka yi kyauta da shi a bakin gona, duk suna shiga lissafi. Riɗi ma akwai zakka a kansa, abin da masu kai shi Malam Madori da yawa suke mantawa.

Abin da ruwan sama ko cikar kogi ya shayar, ɗaya cikin goma ake fitarwa. Abin da ka shayar da wahala da kuɗi, irin noman rani da inji, ɗaya cikin ashirin. A misali, buhu 30 na shinkafar fadama da kogi ya shayar, buhu 3 ne haƙƙin Allah. Buhu 30 na rani da ka ƙona fetur a kansu, buhu ɗaya da rabi. Ka ga shari'a ta riga ta duba kuɗin manka tun kafin ka yi ƙorafi, shi ya sa ban yarda da masu cire kuɗin fetur daga amfanin gona sannan su sake fitar da ɗaya cikin ashirin ba, rangwame biyu ke nan a kan abu guda. Bashin taki da na magani shi ne ke da magana. Mash'hurin Malikiyya bashi ba ya kayar da zakkar hatsi. An ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa manomi ya fara biyan bashin da ya ci don gonar sannan ya fitar daga saura, wasu malaman yanzu kuma sun yi fatawa da haka. Ni a kan mash'huri nake, amma wanda bashi ya shaƙe shi da gaske ya je wa malamin garinsu da alƙalumansa a hannu, ba da "sai godiya" ba. Tumatir da tattasai da albasa babu zakka a jikinsu a wajen Malikiyya, Imam Abu Hanifa ne ya wajabta. Kifi ma babu a wajen jumhur. Sai in kuɗinsu ya kai nisabi ya shekara a hannunka.

Sai cikin gida. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora ciyarwa a kan gwargwadon abin da Allah Ya hore wa miji, mai yalwa da yalwarsa, mai ƙunci da abin da ya samu. Malamanmu suka ƙara da duba halin matar da al'adar garin. Ya kai maigida, ta yaya iyalinka za ta san gwargwadonka alhali ka ɓoye mata? Tana ganin buhuna sun shigo, ba ta san rabinsu na mai taki ba ne. Tana ganin ka sayi sabuwar waya, sai ta ɗauka akwai. Da yawa daga rigimar cefane da ake kawo mana, da zarar an zaunar da su an baje lissafi gabansu, ko dai matar ta yi shiru ta ba da haƙuri, ko mijin ya sunkuyar da kai. Ba a rasa ɗaya. Kada kuma mu manta lokacin da Hindu 'yar Utba (RA) ta kai ƙarar maƙon mijinta, Annabi (SAW) bai ce ta yi ta haƙuri ba, izini ya ba ta ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta bisa abin da aka saba.

Akwai wani ɓangare da maza ba sa son a taɓo, zan taɓo. Gidaje da yawa a Guri da kewaye, abin da ke riƙe su daga bazara zuwa sabon hatsi guminta ne: turara shinkafa, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, bandar kifi, saƙar tabarma, 'yan awakin da take kiwo a bayan ɗaki, adashin da take zubi. Wannan dukiyarta ce, shari'a ba ta ɗora mata ko gishiri ba. In ta sa a tukunya sadaka ta yi maka, kamar Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) da ke sana'ar hannu tana ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka yi mata bushara da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Idan za ka yi lissafin gidanka, ka rubuta nata daban, da sunanta. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutum ya dubi gidansa ya ga ana ci sau uku, ya ce alhamdu lillahi ina da halin ƙara aure, alhali biyu daga cikin ukun na uwargida ne. Da akuyarta zai yi mata kishiya ke nan. Ƙarin aure halal ne, ba ni da ja. Amma a yi shi da lissafin aljihun miji.

Kaka kuwa ita ce lokacin da muka fi cutar kanmu. Hatsi na arha saboda kowa ya fito da shi, a nan ne muke kwasar buhuna mu kai kasuwa saboda biki da suna da lefe da gara, don kada a ce gidan wane sun gaza gidan wane. Watanni kaɗan mu koma wajen wanda muka sayar wa, mu sayi abinmu kwano-kwano da tsada. In kuɗin babu, sai bashi. A nan ne ake faɗawa riba da ido buɗe. Ka ranci buhu guda da bazara ka mayar da biyu da kaka, riba ce tsagwaronta. Ka ranci dubu hamsin ka mayar da saba'in, riba ce, ko da mai bayarwa alhaji ne kuma a ƙofar masallaci aka ƙulla. Hanyar halal tana nan, ita ce salam, wadda Annabi (SAW) ya tarar mutanen Madina suna yi a kan 'ya'yan itace ya gyara musu ita: ɗan kasuwa ya biya kuɗin hatsi tun yanzu, ya karɓa da kaka, da sharaɗin a san awon, a san nau'in, a san ranar. Kuma ba a ɗaura shi a kan gona takamaimai, domin in ruwa ya cinye ta fa? Mu da muke bakin kogi mun fi kowa sanin hikimar wannan sharaɗi. Ina kira ga 'yan kasuwarmu su ji tsoron Allah wajen yanka farashin salam. Cinikin na iya inganta a takarda, amma matse wanda yunwa ta koro ka saye guminsa da rabin kuɗi, za ka amsa tambaya a kai.

Yadda za a yi lissafin ba wuya. Littafin rubutu guda na 'yan firamare ya isa, in ba ka rubutun boko ka yi da ajami, ko ɗanka ya rubuta maka. Ranar da aka gama sussuka ka rubuta buhu nawa, kowane iri daban. Ka fitar da zakka nan take tun a gona, kafin ido ya saba da tarin. Ka ware na masu bashi. Sannan ka tambayi uwargida kwano nawa ake ci a rana, ita ta sani, kai ba ka sani ba, ka ninka zuwa kaka mai zuwa, ka kulle wannan a ɗaki ka ɗauka ba naka ba ne. Abin da ya saura shi ne na biki da sutura da babur. Kuɗin su da na rani da na ci-rani, duk ranar da suka shigo a sa a littafin. Matasa kuma a rubuta har da kuɗin data da na shayin dare, za ku sha mamaki. Na cacar ƙwallo ta waya kuwa ba rubutawa za a yi ba, bari za a yi, haramun ce.

Wanda ya haɗa ya ga abin ba zai kai shi shekara ba, to ya san matsayinsa tun yanzu, tun ana iya neman mafita ta noman rani ko sana'a, kuma in an miƙo masa zakka ya karɓa ba tare da jin ya ci haram ba. Wanda kuma Allah Ya ba rara, kafin ya loda zakkarsa a mota ya kai wani gari, ya tuna asali ana raba ta ne a inda ta wajaba. Ya fara duba layinsu: malamin firamare mai 'ya'ya takwas, masuncin da kacalla ta rufe wa tafki, matar da mijinta ya tafi ci-rani wata biyar ba aike. Irin waɗannan ba za su zo ƙofarka ba, sai ka aika musu da dare. Kuma ya halatta a ba mutum guda abin da zai ishe shi shekararsa, ya fi a raba wa mutum ɗari kwano-kwano a ɗauki hoto.

Wallahu a'alam.